Iya Ba Ta Taɓa Tsayar da Ni Ba

Malamin da ke duba bincikena na kammala kwalejin jinya ya dawo mini da shi, kuma bai ɓoye mini komai ba. Ya ce aikin da na yi a asibiti ba laifi, rubutun ne ba ya karantuwa. Jimla ɗaya sai ta cinye rabin shafi, kafin mutum ya kai ƙarshenta ya manta inda ta faro. Dama ɗaya ta rage mini. In kwamitin tantance bincike ya ƙi shi zan maimaita shekara, aikin da aka yi mini alkawari a wani asibiti a wani gari kuma a ba wata.

Shi ya tura ni ɗakin koyon rubutu da ke bayan laburare. Wani ɗan tsukukun ɗaki ne, tebur ɗaya, kujeru biyu, da fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa. Malamar wurin ta duba shafin farko kawai ta turo mini abina.

"Ni ba na gyara wa kowa," in ji ta. "Ki samu wanda bai san komai game da jinya ba, ki karanta masa da baki. Duk inda ya tsayar da ke ya ce me kike nufi, to nan cutar take. Ki gyara ki dawo."

Na ce, "To, Malama." Faɗa da sauƙi. Wa zan karanta wa?

'Yan ajinmu duk na girme su, don sai da na yi aure, mijin ya rasu, sannan na dawo karatu. Anti suke ce mini. Su gaishe ni har da rusunawa, sannan su wuce cin abinci su bar ni a aji da jakata. Ladabin da babu zama a cikinsa ya ishe ni. Kuma ko da sun yarda, ai duk jinyar suke karantawa. Na kira ƙanina, ya ce, "Yaya, ina kan hanya, zan kira ki." Har yau yana kan hanyar.

Gidan da nake haya ɗakuna ne a jere, kowa ya fita da safe, ya dawo ya turo ƙofa. Na gwada karanta wa bango. Na ji kamar wata zautacciya, na bari.

Sai tsohuwar ɗakin ƙarshe. Kullum da yamma tana zaune a bakin ƙofarta a kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, tana kallon masu shanya. In na gaishe ta sai ta ɗaga hannu ta ce, "Lafiya lau, 'yar nan." Iyakarmu ke nan. Ranar na cire kunya, na durƙusa gabanta da takarduna na ce, "Iya, ko zan ɗan karanta miki wani abu? In ba ki gane ba ki tsayar da ni." Ta dube ni, ta dubi takardun, ta matsa mini a kan tabarmar.

Binciken a kan tsofaffin da ke mantawa da shan magani ne. A jimlar farko numfashina ya ƙare ban kai aya ba. Kunya ta kama ni. Na ɗago, Iya ta gyaɗa mini kai, ni kuwa na ja layi da biro na raba jimlar gida uku. Manyan kalmomin da na aro don a ce na iya, harshena ya riƙa tuntuɓe da su, na bi su ina sokewa. Da na zo inda na rubuta cewa yawancin tsofaffi ba su damu da lafiyarsu ba, sai na dakata. A gaban tsohuwa zan faɗi wannan, ba ni da hujja ko ɗaya? Na soke shi. Washegari na koma laburare na nemo abin da masu bincike suka gano, na rubuta shi tare da inda na samo.

Haka muka riƙa yi duk yamma. Ina karantawa tana kallon bakina, wani lokaci ta yi murmushi, wani lokaci ta kore mini ƙuda daga kan takarda. In na tashi tafiya ta ce, "Har kin gama?" Rabon da wani ya yi mini wannan tambayar na manta.

Da na mayar wa Malama babi na uku, ta karanta shi har ƙarshe ba ta ɗago ba.

"Wa kika samu? Lallai mai tsanani ne."

"Wata tsohuwa ce a gidanmu. Ba ta taɓa tsayar da ni ba ma."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

"To ki duba dai ko tana sauraronki."

Maganar ta ɓata mini rai. Na tattara takarduna ko sallamar kirki ban yi mata ba.

Ana gobe zan miƙa aikin, muna cikin babin ƙarshe, ɗanta ya shigo da kwali a kafaɗa. Direban babbar mota ne, ba ya zuwa sai jefi-jefi. Ya tsaya a bayanta yana gaishe ta, ba ta juyo ba, sai da ya dafa kafaɗarta. Ya ga takarduna ya yi dariya.

"Karatu kike mata? Baiwar Allah, ai Iya ta daina ji tun kafin in kama mata ɗakin nan. Ko ganga kika buga."

Haushi ya taso mini, nata da nawa. Ni mai koyon jinya, mai rubutu a kan tsofaffi, na zauna gefen kurma kwana da kwanaki ban gane ba. Na shiga ɗaki na rufe, na yi kukan da ban yi ba tun zuwana garin. Ashe duk wannan lokacin ni kaɗai ce, kamar kullum. Babu sauran lokacin neman wani mai saurare. Na miƙa aikin yadda yake, na koma ina jiran a ce mini sai baɗi.

A kwanakin jiran ban je wurinta ba. Ta ƙofar baya nake shiga gida.

Kwamiti ya karɓi aikin. Malamina ya ce ya karanta shi a zama ɗaya. Asibitin suka kira, suka ce in zo farkon wata. Na tsaya a bakin ofishin malamina da waya a hannu ina tunanin wanda zan gaya wa, sai na ga ƙafata ta kai ni ɗakin ƙarshe.

Tana nan zaune. Da ta gan ni fuskarta ta washe, ta duba hannuna ba takarda, amma duk da haka ta matsa mini. Na zauna. Na san yanzu yadda ake mata magana, na ga ɗanta yana yi: ka dafa ta, ka nuna da hannu. In na nuna kaina na nuna ƙofar gida, za ta gane tafiya zan yi. Amma ban nuna ba, ban shirya ta sani ba.

Na ce, "Iya, na ci. Tafiya zan yi ƙarshen wata, ba zan dawo gidan nan ba."

Tana kallon bakina har na gama. Ta gyaɗa kai, ta yi murmushi, ta jira in ci gaba.