Faifan sunan ɗan Naziru

Abdulgafar yana da ɗan shago kusa da tashar motoci ta Filinge, inda yake haɗa faifan bidiyon bukukuwa. A wannan makon aikin Naziru ne a hannunsa, wani ɗan garin Tabla mai sayar da kayan babur a Kwatano, wanda ya zo gida sunan ɗansa kuma yake shirin komawa. Hotunan da Abdulgafar ya ɗauka da kyamararsa duk sun zauna lafiya: yankan rago, askin jariri, mata suna daka. Guntu ɗaya ne ya gagara, wanda Balkisa ƙanwar Naziru ta ɗauka da sabuwar wayarta a cikin ɗaki.

Da zarar ya jawo guntun cikin aikin, sai allon kwamfutar ya yi baƙi, manhajar ta rufe kanta, wani saƙo ya fito da Faransanci cewa pilot ɗin katin hoto ya daina amsawa. Pilot ɗin nan shi ne ɗan tafintan da ke tsakanin manhajar da katin da ke zana hoto. In ya kasa fahimtar abin da aka miƙa masa, kowa ya tsaya. Da fari Abdulgafar ya ɗauka zafi ne, ya ɗora kwamfutar kan bulo biyu ya juya mata fanka. Bai hana ba. Ya sauko da sabon pilot, abin ya ƙara lalacewa, har hotunan da suke lafiya suka fara rawa.

Sai ya buɗe guntun a wayarsa don ya ga ko ya cancanci wahalar. Inna Haske ce, mahaifiyar Naziru, zaune a bakin gado da jaririn a cinyarta, ba ta san ana ɗaukarta ba. Naziru ɗanta ne na fari, kuma kamar sauran matan ƙasar Kurfai na zamaninta, kunya ba ta taɓa barinta ta kira sunansa ko ta dube shi ido cikin ido ba. "Wancan" take ce masa. A guntun kuwa tana shafa kan jaririn tana cewa a hankali, "Kunnen Naziru ne wanga. Naziru nawa. Haka na riƙa shi, ba wanda ya gani."

Da Abdulgafar ya ba matarsa Ruƙayyatu labarin, ta ce masa ya bar abin, ko kwamfutar ma ta fi shi kunya. Ya yi dariya, amma maganar ta tsaya masa a rai. Muddin na'urar tana ƙi, ba ruwansa. Zai ce wa Naziru guntun ya lalace, kuma ba ƙarya ya yi ba gaba ɗaya. Sai dai ya san bai gama gwada abin da ya iya ba.

Washegari ya goge pilot ɗin ƙaf, ya maido tsohon da kwamfutar ta zo da shi, ya shiga saitin manhajar ya sauke wa katin hoton nauyin karanta irin bidiyon sababbin wayoyi. Aikin ya koma tafiyar jaki mai kaya, amma bai ƙara faɗuwa ba. Fuskar Inna Haske ta tsaya a allon sarai. Yanzu ba shi da abin fakewa. In ya saka, za a kalli faifan a tsakar gida a gaban surukai, tsohuwa ta rasa inda za ta sa kanta. In ya cire, ya hana mutum jin abin da bai taɓa ji ba tun haihuwarsa.

Ran kasuwa ya same ta a layin masu wake. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce akwai abin da yake so ta gani, ya miƙa mata wayar. Ta kalla har ƙarshe, bakin mayafinta a kan baki. Ta ce Balkisa za ta gamu da ita, sannan ta ce ya fidda shi daga na jama'a. Ya ce an gama, ya tambaye ta shi Naziru fa.

"In na mutu ka ba shi."

"Inna, kwamfutata ta girme ki a rashin lafiya. Ba ni da tabbacin za ta jira."

Ta harare shi, ta ce ɗan nan bakinsa ya yi yawa. Ta auna wa wata mata wake, ta ɗaure bakin buhu, ta sake kwance shi ba dalili. Abdulgafar bai tashi ba.

"Yaushe zai tahi?" ta ce.

Ya ce mata jibi, da motar safe.

"To, ba shi. Amma sai mota ta yi nisa. Kar ya ji ya sauko ya zo ya tsaya mini a gaba."

Ranar tafiyar Naziru ya biyo shagon ya karɓi faifansa, ya yaba aikin, ya hau mota. Abdulgafar ya zauna da wayar a hannu har ya kintaci sun wuce garin Bonkuku, sannan ya tura masa guntun ba tare da ya rubuta komai ba.

An jima amsa ta zo, saƙon murya ne. Ƙarar inji ce a ciki da kukan akuya a saman mota. Can Naziru ya gyara murya ya tambaya ko Inna ta san an turo masa. Abdulgafar ya mayar masa da saƙo cewa ta sani.

"To, ka ce mata wancan ya ji," in ji Naziru.