Hodar Momi

Vicky na gaban madubi tana danna hoda a ƙarƙashin idonta na hagu, inda hannun mijinta Sylvanus ya sauka da safe, sai ga 'yarta Hadassah ta faɗo ɗakin da kayan makaranta a jikinta. Shekarunta goma sha uku, bakinta kuwa ba shi da birki.

"Momi, yau Malama Juliana ta koya mana yadda jikin mace ke canzawa in ta fara girma. Kuma ta ce wanda ke sonki ba zai dake ki ba, ba zai raba ki da ƙawayenki ba." Yarinyar ta tsura wa fuskar uwarta ido. "To Dadi ba ya sonki ne?"

Tun da aka kawo Vicky unguwar Romi tana amarya, ba mahaluƙin da ya taɓa yi mata wannan tambayar. Matan zumunta a coci sukan kalli fuskar, su kau da kai, su yaba zanenta. Uwarta a ƙauye kuwa haƙuri kaɗai ta sani. Kaɗaici ya daɗe yana cin ta a gidan nan. Yau ga mai tambaya ta samu, amma sai kunya ta kama ta, kunyar ta rikiɗe ta zama fushi.

"Kishi ne, don yana sona. Ke me kika sani? Fice ki ba ni wuri!"

*

Ranar taron iyaye da malamai, Vicky da ko a gidanta ba a jin muryarta, ita ta fara miƙewa. Ta ce a darasin Malama Juliana ana buɗe wa yara ido tun ba su isa ba, ana koya musu raina iyaye. Zauren ya ɗauki tafi. Har Sylvanus ya dube ta ya gyaɗa kai, abin da ta manta rabon da ta gani.

Malama Juliana ta tare ta a bakin ƙofa.

"Maman Hadassah, in mu ba mu faɗa musu ba, titi zai faɗa musu fa."

"Ki bar min 'yata, Malama. Ni na haife ta."

Aka soke darasin. Daga ranar nan Hadassah ta daina kawo tambaya gida. Gidan ya yi tsit, Vicky ta riƙa gaya wa kanta tarbiyya ce ta kama. An ce rashin sani ya fi dare duhu. To ita ta sani sarai, fitilar ce ta hure da bakinta.

*

Bayan shekara uku, wata Lahadi ana shirin tafiya coci, Vicky ta nemi hodarta ta rasa. Ta tura ƙofar ɗakin Hadassah. Yarinyar na zaune a bakin gado da hodar a cinyarta, ga shatin yatsu kwance a kuncinta.

"Wa ya yi miki haka?"

"Clinton ne." Saurayinta ke nan, mai shagon gyaran waya a Barnawa, wanda ke gaida Vicky har ƙasa. "Sunan wani ɗan ajinmu ya gani a wayata. Ba komai, Momi. Kishi ne, don yana sona."

Ba da gatse ta faɗa ba. Da gatse ne ma da ya zo da sauƙi. Ta faɗa ne kamar mai maimaita ayar da ta haddace tun tana ƙarama.

Vicky ta buɗe baki. Maganar Malama Juliana, cewa wanda ke sonki ba zai dake ki ba, na nan a bakinta, amma da wace fuska za ta furta ta? A waje Sylvanus ya danna hon ɗin mota.

"Ku fito mana! Sai kun sa mun makara?"

Hadassah ta miƙo hodar. "Momi, na kasa rufe shi. Ke kin fi iyawa."

Vicky ta karɓa, ta ɗago haɓar 'yarta zuwa hasken taga. Ta shafa mata hodar, ba ta bar ko shati ɗaya a fili ba.