Awoyin da Dangi Suka Cinye

Kyaftin ya ajiye aikin tuƙa wa wasu manyan jiragen sama, ya ce zai kafa nasa kamfanin. Ƙaramin jirgi ya saya, na hannu, mai kujeru shida, irin wanda masu hali ke ɗauka shata idan ba sa son zaman jira a filin jirgi. Kuɗinsa shi kaɗai ko fiffike ba zai saya ba. Dangi suka zuba hannun jari, Kawu mai tireloli ya fi kowa zubawa, banki ya cika sauran bayan Inna, mahaifiyarsa, ta miƙa takardun gidanta jingina. Gidan da ta haife su a ciki ke nan, ba ta da wani.

Tun ranar da jirgin ya iso dangi suka mai da shi motar gida. Wannan za shi dubiya, wancan za shi ganin fili, wata kuma 'yarta ce za ta koma makaranta, ba ta son jijjigar hanya. Kawu kuwa abokai yake kwasa su je su dawo, ba don komai ba sai don a ɗauke shi hoto a bakin matakala. Maganar kowa ɗaya ce: "Ai da kuɗina a ciki." Mai kirkin cikinsu shi ne wanda ya sayi mai. Kyaftin yana haɗiye magana yana tuƙi, wai yana jin nauyin manya. Wannan ba ladabi ba ne, ragwanci ne.

Banki ba ya jin nauyin kowa. Manaja ya kira shi ya ce ko ya kawo kwangila mai ɗorewa, ko a sa gidan a kasuwa. Da ƙyar ya samu wani kamfanin haƙar ma'adinai da ke son a riƙa kai masa ma'aikata wurin aiki duk mako. Sun ce a yi tafiyar gwaji ranar Litinin, in ta yi kyau su sa hannu.

Ranar Asabar da hantsi ya shiga rumfar jirgi ya tarar Injiniya, mai kula da lafiyar jirgin, ya buɗe murfin injin yana goge hannu da tsumma.

"Ranka ya daɗe, ba inda za shi. Awoyi sun ƙare."

Kyaftin ya fi kowa sanin abin da ake nufi. Injin jirgi yana da awoyin tashi da aka ƙayyade masa. In sun cika, dole a sauke shi a yi masa garambawul, ko da lafiyarsa ƙalau. Ya san sun kusa, amma a lissafinsa za su kai shi bayan sa hannu.

"Da sauran ɗan abin da na bari fa?"

"Jiya da ka je banki Kawu ya zo da baƙi. Matuƙin da ke taimaka maka ya kai su suka ga gari ta sama. Na yi magana, aka ce wa ya sa ni."

Kyaftin bai san lokacin da ya yi ƙwallo da bokitin da ke gabansa ba. Ya kira Kawu a waya, ya ce ya zo yanzu. Bai taɓa yi masa magana haka ba, shi ya sa Kawu ya zo da wuri, yana kaɗa makullin mota a yatsa.

Ya saurari bayani, ya zagaya jirgin, ya ɗan bubbuga taya da ƙafa kamar yadda yake yi wa tirela, sai ya yi dariya.

"Wannan ne ya sa kake huci, ɗan nan? Injin yana hayaƙi? Yana ƙara? To me ya same shi? Injiniya, ina mitar da ke ƙirga awoyin take? Ka mai da ita baya. Mu a gareji haka muke yi, mota ta koma yarinya."

"Kawu, tirela in ta mutu a hanya direba sauka yake yi ya sa dutse a taya. Ni a sama ina zan samu dutse?"

"Kai dai tsoro ya yi maka yawa. Tafiya ɗaya tak!"

"Tafiya ɗaya da 'ya'yan mutane a bayana. Ka cinye awoyin da hoto, yanzu kana so in cike gurbin da ƙarya. Wallahi ko gidan za a sayar yau, ba mai taɓa mitar nan."

"Ni kake ɗaga wa murya? Da kuɗina…"

"Na sani. Da kuɗinka a ciki. Da gidan yayarka ma a ciki, ita kuma ko kujerar jirgin ba ta taɓa zama ba."

Kawu ya tofar da yawu ya fita. Kyaftin ya bi shi a mota, don ya san wurin Inna zai kai ƙara, ya kuwa same shi a tsakar gida ya riga ya fara. Inna tana zaune a kan tabarma tana ɗinke matashi, ba ta ɗago ba har suka gama, kowa da nasa.

"Babana," ta ce wa Kyaftin, "kai ne babban mai laifi. Mai shago da ba ya iya cewa a'a bai isa buɗe shago ba." Sannan ta juya ga ƙanenta. "Kai kuma Auta, ni na goya ka, na san ka da son a gan ka tun kana yawo ba wando. Ka sha iska, ka ji daɗi. Yanzu ina za ka ajiye ni? A bayan tirela?"

"Haba Yaya…"

"Kar ka haba ni. Ka sayar da tirela ɗaya a gyara injin. In ba haka ba, ranar da banki ya zo, ɗakinka na sama zan tare, mai sanyin nan, kai ka san inda za ka kwana."

Ranar Litinin jirgin wani kamfani ne ya kai ma'aikatan. Kyaftin ya sayar da motarsa ya ɗauko shi haya, ya kuma gaya wa masu ma'adinai gaskiya: nasa yana garambawul. Ba su ji daɗi ba. Sun sa hannu, amma na ɗan gajeren lokaci, kuma sun rage farashi har sai da ransa ya ɓaci. Banki ya duba takardar ya ɗaga ƙafa zuwa ƙarshen shekara, bai yi alkawarin komai bayan nan ba. Kawu ya sayar da tirelar da ta fi tsufa, ya turo kuɗin ta hannun direbansa, ya daina amsa gaisuwar Kyaftin.

Ranar da aka mayar da injin, waya ta yi ƙara. 'Yar Gwaggo ce, tana son a kai ta ganin likita a wani gari, ta dawo da yamma. Kyaftin ya gaya mata farashi.

"Yaya, ni ce fa! Da kuɗin mamata a ciki."

"Shi ya sa za ki biya, don kuɗin mamarki su dawo. In ya yi miki tsada, motar safe tana tashi daga tasha."

Ta kashe wayar a kunnensa. Ya ajiye tasa, ya ɗauki tocila ya shiga ƙarƙashin fiffike wurin Injiniya.