Batirin Mumuni a gindin randa

Ranar da Mumuni kafinta zai bar Barmu zuwa biɗa, wato neman kuɗi, a Abijan, bai yi wa matarsa Nasiratu dogon jawabi ba. Dama shi ba mai surutu ba ne. Ya ɗauko injinsa na huda katako, irin wanda ba ya son waya sai batir, ya ajiye mata a kan tabarma.

"Ga amana nan," in ji shi. "Ki riƙa ba batirin wuta loto-loto, kada ya mutu. Kuma ba ya son zahi. In na komo da shi zan buɗe shago, ba ni sake tahiya ko'ina."

Maganar nan ta ƙarshe ita Nasiratu ta riƙe. Ba su da ɗa, uwar mijin ta rasu, gidan daga ita sai awaki. Saboda haka duk Juma'a takan share injin da tsumma, ta kai batirin gidan maƙwabta masu sola a sa masa caji, ta zauna tana kallon 'yar fitilar har ta koma kore. In ta dawo sai ta maƙala shi, ta danna kunamar sau ɗaya. Injin ya yi ƙara a ɗakin da babu kowa, ta ji kamar mai gidan yana tsakar gida yana aiki. Matan unguwa har tsokanarta suke, wai ta sami ɗan goyo mai shan lantarki. Ita dai ta yi dariya ta wuce.

Damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Saƙon murya da Mumuni yake turowa ya fara gajarta.

Sai ga bazara, irin ta Adar wadda ko ƙadangare neman inuwa yake. Ɗakin kwano ne, da azahar in ka taɓa akwatin ƙarfe sai ka janye hannu. Nasiratu ta taɓa batirin ta ji shi da ɗumi, ta tuna kashedin Mumuni. To a gidajenmu, abin da ba ya son zafi ina ake kai shi? Gindin randa mana. Can ake ajiye goro, can ake ajiye maganin yara. Ta samo guntun buhun algarara ta jiƙa, ta naɗe batirin tsaf yadda kakarta take naɗe goro, ta tura shi cikin jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa. Kullum da safe ta yayyafa masa ruwa. Wallahi da zuciya ɗaya ta yi, kuma ni ban ga wanda zai zage ta ba, don Mumunin zafi kawai ya ambata, bai ce komai a kan ruwa ba.

Wata Juma'a ta warware buhun, ta tarar bakin ƙarfen ya yi kore, cikin batirin ya ɗan kumbura, yana wani wari mai zaƙi-zaƙi. Mai solar ya ƙi karɓa, ya ce ba a gidansa ba.

Ranar Lahadi ta hau motar kasuwa zuwa Tawa, injin a leda, batirin a kwano. Aka nuna mata rumfar Almoustapha mai gyaran kayan wuta. Dattijo ne mai tabarau. Ya duba, ya shinshina, ya ɗaga kwanon a hankali ya kai bayan rumfa, ya binne batirin cikin bokitin busasshen yashi.

"Baiwar Allah, da wanga kika shigo mota?"

"Da shi, Malam. A gyara mini."

"Ba ya gyaruwa. Ruwa ya shige shi. In an sa mai caji yanzu yana iya kamawa da wuta. Wanda ya kumbura ba a caji, ba a hudawa, ba a jehawa murhu ko juji. Inuwa yake so da wuri busasshe, shi ke nan. Ki bar shi nan wurina."

"Na mai gidana ne. Amana ce."

"Injin lahiya lau yake. Ana samun batirin, sai dai a aiko da shi daga Yamai. Ki tambaye shi in yana so."

Ta koma gefen tasha, ta zauna a inuwar wata mota. Ta daɗe tana riƙe da waya kafin ta danna. Ta faɗa wa Mumuni duka a saƙon murya, buhun da randar da yayyafin, ta ce ya yafe mata, za ta sayar da akuya a aiko da sabo kafin ya dawo. Tana tsoron faɗansa, amma a ƙasan ranta faɗan take so. Mutumin da ya yi faɗa a kan injinsa yana da niyyar riƙe shi.

Amsar ba ta jima ba. Ta kara wayar a kunne. Bayansa ana jin ƙarar zarto da mutane suna wani yare, shi kuma dariya yake yi.

"Haba Nasiratu, wanga tsohon abu ne ya hana ki sukuni? Kada ki taɓa akuyarki. Nan akwai waɗanda sunka hi shi. Ki ba ƙanenki Hamisu injin, shi da yake gida ya amfana."

Ta sake saurara, ko akwai wata kalma a ƙarshe da ta wuce ta. Babu. Wani kaɗaici ya sauko mata wanda duk tsawon zaman nan ba ta taɓa jin irinsa ba, a tsakiyar tasha cike da mutane.

Direba ya fara kiran Barmu. Ta shiga ta matsa kusa da taga, ledar a cinyarta. Wata tsohuwa da ke gefenta ta leƙa, ta ga hannun injin ya fito.

"Ikon Allah. 'Yata, mijinki kafinta ne?"

Nasiratu ta gyara bakin ledar ta ɗaure.

"Na ƙanena ne, Inna."