Jijiyar Hannun Mai Kunne

Da Auta ta fito daga ƙarƙashin mota, sai ta tarar mahaifinta ya baje kayan aikinsa a kan benci, yana goge su ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan naki ne," in ji shi, ya tura mata sifana. "Wannan ma naki ne."

Mutumin da ko aron sukundireba ba ya bayarwa sai ya bi ka da ido har ka dawo da shi, yau shi ke rabon kaya?

Mai Kunne ake ce masa, don a gareji babu injin da ke yi masa ƙarya. Guntun tiyo ne da shi, ya ɗora baki ɗaya a jikin inji, ɗaya a kunnensa, ya lumshe ido, ya gaya maka abin da ke damun motarka. Amma bai taɓa sauraren nasa jikin ba. Ciwon suga da hawan jini suka yi ta cin ƙodarsa a ɓoye, sai da ƙafafu suka kumbura takalmi ya ƙi shiga, sannan ya yarda aka je asibiti. Likita ya yi masa bayani cewa ƙoda ce ke tace jini, ta fitar da datti da rarar ruwa ta fitsari, tasa kuwa ta gaji.

"Wato filta ta toshe," in ji Mai Kunne. "To, a canja mana."

Ba a canja ba. Na'ura ce ta karɓi aikin, tana wanke masa jini ta wata roba da aka dasa masa a wuya. Robar nan ya tsane ta kamar me. Ta hana shi wanka yadda yake so, ta hana shi shiga ƙarƙashin mota, ta kuma taɓa jawo masa zazzaɓin da ya kusa tafiya da shi. Hanyar rabuwa da ita ɗaya ce: a haɗa masa jijiyoyi biyu a hannu, in haɗin ya yi ƙwari a riƙa wankin ta nan. Na farko, na wuyan hannu, bai kama ba. Aka sake wani a lanƙwasar gwiwar hannu, nas ta ja masa kunne cewa kullum da safe a taɓa wurin. In yana zir-zir ƙarƙashin yatsa, lafiya lau. In ya yi shiru, a garzayo asibiti a ranar.

"Baba, me ya faru?" in ji Auta.

"Me kika gani? Kyauta ma laifi ce?"

"A wajenka dai abin tsoro ce. Gaya min."

Ya daɗe yana murza tsumma a hannu. Can ya ce, "Ta mutu. Jijiyar. Na taɓa jiya, na taɓa yau, shiru kamar na taɓa katako."

"Jiya? Baba, tun jiya, kuma kana zaune nan kana goge sifana?"

"In je su ce min me? Na ga fuskar uwarki ranar da ta farko ta mutu, ba na son in sake gani. Na gaji, Auta. Wallahi na gaji da a yanka ni."

Tun da take ba ta taɓa jin ya ce ya gaji ba. Tausayi ya kama ta, haushi kuma ya fi tausayin yawa.

"Tsaya tukuna," ta ce. "Da can wa ke taɓa maka?"

"Uwarki mana."

Mama kuwa tun shekaranjiya ta tafi wajen yayar Auta da ta haihu. Ashe jiya ne karo na farko da ya taɓa wurin da kansa. Auta ta kama hannunsa na dama ta juya shi. Yatsu ne da ƙarfe ya gasa shekara da shekaru, duk sun yi kanta, ga suga ya ƙarasa kashe musu ji.

"Da waɗannan ka taɓa? Yatsun da kake ɗaukar fulogi mai zafi da su ko gezau?"

Ta wanke hannu da sabulu, ta naɗe masa hannun riga na hagu, ta ɗora yatsu biyu a kan tabon ɗinkin. Kamar akwai motsi, kamar babu. Ga shi janaretan mai walda na maƙwabta yana girgiza har bencin da suke zaune.

"Kin gani?" in ji shi a hankali.

"Ban ga komai ba."

Ta leƙa ta taga ta ƙwala wa mai walda kira, ya taimaka ya kashe injinsa na ɗan lokaci. Sannan ta ciro tiyon nan daga jikin ƙusa, inda yake rataye tun da ciwo ya zaunar da mai shi. Ta wanke bakinsa tas, ta ɗora shi a hankali kan hannun mahaifinta, ta kai ɗaya bakin kunnenta.

Garejin ya yi tsit. Mai Kunne ya ƙura wa fuskarta ido, yadda masu mota ke ƙura wa tasa.

Hawaye ya zubo wa Auta, ta miƙa masa bakin tiyon.

Ya sa a kunne, ya lumshe ido. Can ciki, kusa-kusa, wani abu na tafiya: shuu, shuu, shuu, ba ya tsalle, ba ya shaƙewa. Ya saurara ya sake saurara, har mai walda ya leƙo yana tambaya ko ya kunna.

"Kai," in ji Mai Kunne. "Wanda ya haɗa wannan ya iya aiki."

"Duk da haka asibiti za mu, yanzu-yanzu, nas ta duba da kayan aikinta," in ji Auta tana share fuska da bayan hannu. "Kuma sai na gaya wa Mama."

"Haba Auta, uwarki kuma?"

"Tashi mu je."

Ya tashi. Amma kafin ya bi ta, sai ya tattara sifanonin nan ɗaya bayan ɗaya ya mayar cikin akwatinsa, ya danna kwaɗo, ya jefa makulli a aljihu.

"Baba, ai ka ce nawa ne."

"Ni? Yaushe?"

Ya rataya tiyon a kafaɗa, a ɓangaren da babu roba, ya riga ta fita.