Rigar da Tela Ya Rage Sau Uku

Tela yakan yi alfahari da idonsa. Mace ta shigo shago, kafin ta gama gaisuwa ya san ƙugunta inci nawa ne. Amma sau uku autarsa tana kawo masa rigar makaranta ya rage mata, sau uku yana ragewa yana fito, har da yabo: "Jikinki ba ya cin yadi, Auta!"

Sai da ta yanke jiki ta faɗi a aji likita ya ce ciwo ne, tsoron abinci take yi. Ya kafa doka: a ci tare, ban da kallon kwanonta, a ɓoye tef ɗin awo.

Mamanta ta iya. Tela kuwa, gudun kallon kwanon, ya ƙura wa fanka ido har ya zuba miya a aljihu. Auta ta tuntsire da dariya, ta kai loma. Tun ranar yake ɓata riga da gangan, mamanta na wanki tana harararsa.

Bayan wata biyar Auta ta leƙo shago, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, rigar ta matse ni. A ɗan buɗa."

Ya karɓi rigar ya farke ɗinkin. Babu abin buɗawa. Kowane tela mai hankali yakan bar rarar yadi a ciki saboda gaba. Shi gwani, duk sau ukun datse ta ya yi da almakashi, don aiki ya fita tsaf.