Ba Kuskuren Akwati Na Yi Ba

Akwati biyu ne a bakin ƙofar cocinmu, a kan wani ɗan tebur mai gurguwar ƙafa. Shuɗi na roƙo, fari na godiya. Wanda abu ya dame shi sai ya rubuta a guntuwar takarda ya jefa a shuɗi, wanda Allah ya yi wa alheri ya jefa a fari. Kafin wa'azi Sakataren coci ya kwaso takardun ya hau gaba ya karanta. Na roƙo ake fara karantawa a ce amin, sannan na godiya a tafa.

Shekara huɗu cur sunan 'yata yana shiga shuɗin nan, ko fashin Lahadi ɗaya babu. Ba kuma ni nake sakawa ba. Uwar mijina ce, da muke ce wa Mama.

'Yata ba ta ji. Haka aka haife ta, likita biyu sun gwada sun faɗi magana ɗaya. A gida Walƙiya muke kiranta, don kafin ka ce kwabo ta bar inda ka ajiye ta. Shekarata ashirin da na haife ta, kuma ba zan ɓoye ba, shekarar farko na sha kuka. Na yi azumi har nono ya so ya ɗauke, sai da mijina ya haɗa ni da Allah na daina. Amma yarinya ba ta tsaya jiran hawayena su bushe ba. Ta yi rarrafe, ta yi haƙora, ta cije ni da su, ta miƙe ta fara gudu. Wata rana na duba na ga ni kaɗai ce nake zaman makoki a gidan da ba a yi mutuwa ba. Ban daina addu'a ba, maganar da nake yi da Ubangiji ce ta canja.

Ɗaki biyu ne gidanmu, keken ɗinkina yana falo kusa da taga. In ina ɗinki, Walƙiya takan kwantar da kumatunta a kan katakon keken tana jin rawarsa a jikinta, in na tsaya ta buge min gwiwa wai in ci gaba. Ubanta gyaran firji yake yi. Da yamma in ya dawo ba ya kiran sunanta, fitilar falo yake kashewa ya kunna sau biyu, sai ka ga mutuniyar ta fito a guje daga ƙarƙashin gado ko bayan labule ta ɗafe shi. Ranar Asabar mukan je ajin koyon maganar hannu mu uku, kuma ita ce ta fi mu. Da hannun nan take kai ƙarar ubanta in ya shanye min shayi. Dariyarta kuwa, tabɗi! Ba ta san ana rage murya ba, sai maƙwabta su ji ta ta katanga su ma su kama dariya. Ni dai ina jin daɗin rayuwata, wanda ya ji haushi ya sha ruwa.

Amma kowace Lahadi, da Sakatare ya karanta sunanta ya ce Allah ya buɗe mata kunne, sai coci gaba ɗaya a waiwayo gare mu. Kowa ya karkatar da kai, ya tattare gira, ya taɓe baki, ana “ayya, ayya.” Ni na saba, sai in kafa ido a kan agogon bango har a wuce wurin. Abin da na manta shi ne yarinyar da ba ta da kunne, ido ne da ita, kuma idon ya fi namu.

Wata Lahadi mun dawo gida ina zuba mata shinkafa, ta ja min zani. Ta yi alamar coci, ta nuna ƙirjinta, sannan ta tambaye ni da hannu: “Me na fasa?”

Ban gane ba. Na ce ta sake.

Sai ta kwaikwayi fuskar. Ta karkatar da kai, ta tattare gira, ta taɓe baki, ba ta rage komai ba. Ta ce haka Kaka ta yi ranar da ta fasa mata kofi. A coci kowa haka yake yi mata, amma ta duba ƙasa ba ta ga abin da ya fashe ba.

Ludayin ya faɗi daga hannuna. Na durƙusa na ce mata ba ta fasa komai ba. Ta kalle ni irin kallon da ake yi wa babba in yana ƙarya, ta juya ta ci abincinta.

Washegari da hantsi na rufe keke na tafi gidan Mama. Na same ta tana shanya. Na gaishe ta har ƙasa, na kama mata shanyar, sannan na faɗa mata abin da ya faru, na roƙe ta ta daina saka takardar.

“Ke yarinya,” ta ce, “kin fid da rai daga Allah ke nan?”

“Ban fid da rai ba, Mama. Yarinyar ce take ganin kamar laifi ta yi.”

“Yarinya me ta sani? Jikata ce. Ina so kafin in mutu in kira ta ta waiwayo. Wannan ma laifi ne?”

Muryarta ta karye a nan. Mama tana son Walƙiya, wannan ko maƙiyi ba zai musa ba. Ita take saya mata takalmi tun kafin na ƙafarta ya matse ta. Na ce, “Ba laifi ba ne, Mama. Ki roƙa a ɗakinki, Allah yana jin na ɗaki. A gaban jama'a ne nake roƙonki ki bari.”

“Ni za ki koya wa addu'a? Tun ba a haifi uwarki ba nake durƙuso.”

Ta karɓe rigar da ke hannuna ta shanya da kanta. Na yi mata sallama ba ta amsa ba.

Mijina da na ba shi labari sai ya hau sosa ƙeya. “Ki bi a hankali mana, kin san Mama. Zan yi mata magana.”

“Yaushe?”

“In na ga ta huce.”

“Shekara huɗu kana jira ta huce, ko tukunyar ƙarfe ce ai ta yi sanyi.”

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma nawa ɗakin a kan 'yata yake zuba.

Ranar Lahadi na yago takarda daga littafin da nake rubuta awon kwastomomi. Na rubuta sunan 'yata, na rubuta: “Ina gode wa Allah saboda ita, yadda take.” Na ninke, na jefa a farin akwati, har na leƙa ta kafar akwatin na tabbatar ta sauka. Na ce a raina, to, Mama ta sa a yi mata ayya, ni kuma zan sa a tafa mata, yarinya ta ga fuska biyu ta zaɓa.

Sakataren namu tsohon malamin makaranta ne, tabarau a ƙarshen hanci, jan biro a aljihu. Ba ya hawa gaba sai ya zauna a bencin baya ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, ya gyara wa mutane rubutu, ya jera su tsaf. Mutumin kirki ne. Kirkin nasa ne ma ya jawo.

Ya karanta na mai ciwon ƙafa, na mai neman aiki, na masu jarrabawa. Sai ya gyara murya ya kira sunan 'yata, ya ce, “Yau takarda biyu ce a kan yarinyar nan, ta kakarta da ta mahaifiyarta. Mu roƙi Allah ya dubi hawayensu, ya buɗe mata kunne.”

Kawuna suka fara juyowa. Na ga Walƙiya ta sunkuya tana leƙen ƙarƙashin benci.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

“Baba Sakatare, ba haka na rubuta ba.”

Mijina ya ce a hankali, “Ke, ke,” Mama kuma ta kamo gefen zanina tana ja. “Zauna, kada ki kunyata mu.” Na riƙe zanina da hannu ɗaya, ban zauna ba.

Sakatare ya dube ni ta saman tabarau. “'Yata, a farin akwati na tsince ta. Na ɗauka kuskuren akwati kika yi, shi ya sa na mayar miki da ita inda ya kamata.”

“Ba kuskure na yi ba, Baba. Ni tela ce, na san fari na san shuɗi. Ka karanta yadda na rubuta.”

Ya waiwaya ya dubi Fasto. Fasto ya buɗe baki zai ce a bari sai bayan sujada, na san shi, amma tura ta riga ta kai bango. Na ɗaga Walƙiya na tsayar da ita a kan benci, na juyo da fuskarta gare ni, na fara magana da baki da hannu a tare, don kada a faɗi komai a kanta ba ta sani ba.

“Ina gode wa Allah saboda 'yata. Ba ta da ciwo. Ta ci burodi biyu yau da safe, ta kuma ƙwace na ubanta. Ta iya rubuta sunanta, ta san lambar gidanmu, ta fi ni sanin inda almakashina yake. Kafin ta kwanta takan haɗa hannu ta yi wa kowa addu'a, har da ku da kuke taɓe mata baki. In Allah ya ga dama ya buɗe kunnenta gobe, zan fi kowa rawa a cocin nan. In bai buɗe ba, bai cuce ni ba. Ni ba abin tausayi ba ce, jama'a, daɗi nake ji! Wanda yake da ayya ya kai wa mai bukata, gidana mun ƙoshi.”

Na gama, gumi har cikin takalmi. Ba wanda ya motsa. Wata a baya ta ce, “Ikon Allah,” ban san ko yabo ne ko tsegumi ba, ban kuma damu ba. Mama ta saki zanina. Ta rufe fuska da gyale tana kuka marar sauti, abin ya soke ni ƙwarai, amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Sakatare ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya zaro takardata daga cikin na roƙo, ya buɗe ta, ya karanta yadda take, kalma bayan kalma, bai gyara komai ba. Ya ce, “Wannan ta godiya ce. Ni na yi kuskure.”

Mijina ne ya fara tafi, da tafukan nan nasa masu kaushi. Sai mawaƙa suka ɗauka, sai benci bayan benci. Ba kowa ba, akwai waɗanda suka naɗe hannu, na gan su kuma na riƙe su a raina. Mama ma ba ta tafa ba.

Walƙiya ta ga hannuwa suna haɗuwa ko'ina, ita ma ta kama tafi, tana waige-waige tana neman wanda ake yi wa. Ta duba gaba, ta duba baya, ba ta ga kowa a tsaye ba sai mu biyu. Na taɓa kafaɗarta na nuna ta.

Ta nuna ƙirjinta. “Ni?”

“Ke.”

Ta sake dubawa, ta bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya a hankali, kamar ba ta yarda ba. Sannan ta juyo ta tambaye ni, “Me na yi?”

Na ba ta amsa da hannu, sai da na yi sau biyu kafin ta gane.

“Ba ki yi komai ba. Zuwa kika yi, muka ji daɗi.”